Ranar da na sa uwar mijina ta ɗaure ruwa

Abubuwa da yawa na shekarar farko ta aurena sun shige mini, har kalar labulen ɗakina na manta. Amma ba zan taɓa mantawa da wani yammaci a garin Zakka ba, ranar da na zauna gaban uwar mijina da littafi a hannu ina jin kaina wata babbar malama. Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na ji bayan wuyana ya ɗauki zafi.

Bari in fara da abin da ya kai ni. Ni 'yar Batsari ce, kuma kafin aure ina koyarwa a wata firamare a can. Da aka kai ni Safana, inda maigidana yake aikin malamin gona, sai na ajiye alli, na nemi a mayar da ni wata makaranta kusa da gida. Canjin ya fito, aka ce in bayyana da zarar an dawo hutu, in ba haka ba a bai wa wata gurbin. Na kai wa maigida maganar ina murna. Shi kuwa ya sosa ƙeya ya ce shi ba shi da matsala, amma sai Inna ta sa baki. Inna ita ce mahaifiyarsa, tana zaune a Zakka, kuma a gidansu ko akuya ba a kai wa kasuwa sai ta ce to.

Inna ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce e ba. Cewa ta yi a bari ta ƙara ganin yarinyar. Na san kuwa daga inda matsalar take. Akwai Gwaggo Lanti, ƙanwar mahaifin maigida, wadda take zaune a gidan Inna, tun ranar biki ta yanke hukunci cewa 'yan bokon Batsari idonsu a tsaye yake, ba su san kunya ba. (Hujjarta ita ce ranar da na fara gaishe ta ban kai gwiwa ƙasa sosai ba. Laifin tela ne, ya matse mini siket, amma wa zai tsaya sauraron wannan?) Kullum tana faɗa wa Inna in aka bar ni na fita aiki, ɗan guntun ladabin da ya rage mini ma zubewa zai yi a hanya.

Ana cikin haka aka yi wa Inna aikin ido, aka cire mata yana. Likita ya hana ta shiga hayaƙi, ya hana ta sunkuyo, ya hana ta shiga rana. Maigida ya ɗauke ni a babur ya kai ni jinya, a hanya yana ta nanata mini, "Dama ce ta samu. Ki nuna musu halinki."

Lokacin tsakiyar damina ne, amma ruwa ya ɗauke cak. Ganyen gero ya fara nannaɗewa, maza har sun fita roƙon ruwa. Inna, wadda ba ta saba zama ba, ta wuni gindin bishiyar bedin da ke tsakar gida da baƙin tabarau a fuska, duk wanda ya shigo sai ta tambaye shi ko akwai hadari a gabas. In aka ce babu, sai ta yi tsaki ta koma jan carbi. Ni kuwa na zage, na yi shara, na yi daka, na yi girki, gaisuwa kuwa sai da gwiwoyina suka yi kanta. Duk da haka fuskar Inna ba ta saki ba, hankalinta yana gona.

A nan ne dabara ta faɗo mini, kuma na so a ce ta faɗa rijiya kafin ta iso kaina.

Akwai wasu littattafai biyar na matasa da na haukace a kansu tun ina sakandare, ana kiransu Makiyayan Hadari. Labarin wasu samari da 'yan mata ne masu kiwon gajimare da sanda kamar yadda ake kiwon shanu, suna kora shi garin da yake bukatar ruwa. Abokiyar gabarsu wata ce da ake kira Mai Ɗaure Ruwa, wadda take kama hadari ta cusa a tukunya, kuma ba wanda ya san fuskarta. Sai a littafi na huɗu ake gane ashe wata tsohuwa ce mai sayar da fura, wadda take ta taimakon yaran tun farko. Na biyar kuwa, wanda ya fito a ƙarshe, baya ya koma, yana ba da labarin yarintarta da abin da ya mayar da ita muguwa.

Masu karanta littattafan nan sun kasu biyu. Wasu sun ce a bi su yadda suka fito, daga na ɗaya zuwa na biyar. Wasu sun ce a fara da na biyar tunda shi ne tushen labari. Ni ina cikin na biyun, kuma ba a baya nake tsayawa ba. A zauren hirarmu na waya, in aka taso da maganar, har katin wayata yakan ƙare ina kare ra'ayina. (Sau ɗaya na taɓa karanta na biyar ɗin, aro, a ɓoye cikin aji. Na riƙe labarin, amma a kaina yarinyar Mai Ɗaure Ruwa ce kawai, ban riƙe wani suna ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Littattafan suna gidan Inna, domin daga baya na sayi nawa duka biyar, na ba Sa'a aronsu. Sa'a ƙanwar maigida ce, ta gama sakandare tana jiran sakamako, kuma tsakanina da ita akwai wasa da tsokana irin na matar wa da ƙanwar miji. Bayan la'asar na durƙusa gaban Inna na ce ko in karanta mata labari ya ɗebe mata kewa. Ta ce, "To, ai ya fi zaman jiran hadarin ga." Na ce da Sa'a ta ɗauko mini na biyar.

Sa'a ta tsaya da littattafan a hannu. "Anti, a fara da na ɗaya mana."

"Na biyar," na ce.

"Ki bar na biyar ɗin ga, Anti. Akwai dalili."

Na ɗauka dalilin da kowa yake kawowa ne, wai zai tona asirin tsohuwa mai fura. Sai na gyara zama na shiga yi mata lacca. Na ce labari kamar tuwo yake, ba a fara tuƙi kafin a ɗora ruwa. Na ce duk wanda bai san asalin mutum ba bai san mutum ba. Sa'a ta ja bakin mayafina ta ce in zo ɗaki ta faɗa mini wata magana. Na ga Gwaggo Lanti tana kallonmu daga bakin madafi, na ce a raina yau fa ba zan bari yarinya ta juya ni gaban mutane ba. Na fizge mayafina na ce, "Sa'a, ni fa malama ce. Littattafan nan na riga ki saninsu."

Inna ta ce, "Ku bar gardama. A fara daga inda aka haifi mutum, haka ake labari."

Kaina ya ƙara girma. Sa'a ta miƙo mini littafin da hannu biyu, da wani irin ladabi da ban taɓa gani a wurinta ba, ta ce, "To, Anti malama, bismillah." Ta koma ta jingina da rumbu tana ɓarar gyaɗa.

Na fara da murya mai daɗi. An buɗe da wani ƙauye, da wani manomi talaka, da matarsa da ta haihu. Aka zo ranar suna, aka yanka rago, liman ya yi addu'a, maroƙi ya miƙe ya ɗaga murya. Na juya shafi, idona ya riga bakina isa wurin, sai na tsaya cak.

Sunan Inna ne. Sunanta na yanka, ba ragi ba ƙari.

(Kada ku jira in rubuta shi. Har yau ban taɓa faɗarsa ba. Tun kafin a kai ni ɗaki mahaifiyata ta zaunar da ni ta ce sunaye uku sun haramta a bakina: na miji, na ubansa, na uwarsa. Ko ɗaliba ce mai sunan, sai dai in ce mata ke mai jan hijabi.)

Na yi tari. Na nemi ruwa. Na sha ruwan a hankali kamar magani. Inna ta juyo da baƙin tabaran nan wajena ta ce, "Mi aka sa wa jinjirar?"

Gwaggo ta matso da kujerarta. "Ko bokon ya ƙare?"

Na sunkuyar da kai na ce, "An sa mata sunan Inna."

Abin mamaki, sai Inna ta yi murmushi, karo na farko tun zuwana. "Ashe takwarata ce. Allah shi raya." Gwaggo ma ta ɗan gyaɗa kai, kamar mai cewa ashe da sauranta. Na ci gaba ina cewa mai sunan Inna ta yi rarrafe, mai sunan Inna ta fara zuwa rijiya, mai sunan Inna ta goya ƙanenta. Sunan nan yana kowane layi, ni kuma ina tsallake shi kamar mai tafiya cikin ƙaya ba takalmi. Aka zo inda makiyayan zamanin suka riƙa kore ruwa daga gonar ubanta suna kai wa gonar wani attajiri, shekara bayan shekara, har yunwa ta kashe ƙanen nata yana goye a bayanta. Inna ta share hawaye ta ƙarƙashin tabarau. Ni kuwa gumi nake sharewa, domin ni na san inda takwarar tata ta dosa.

Da aka tashi, na kama Sa'a a bayan rumbu. "Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Da wane bakin, Anti? Gaban uwata zan faɗi sunan uwata? Na ja ki ɗaki kin ƙi."

Na roƙe ta ta karɓi karatun gobe. Ta ce ita ai ba malama ba ce. Na ce to in ɓoye littafin a ce akuya ta cinye. Ta ce ita ba za ta yi shaidar zur a kan akuyar Inna ba. Washegari da safe, ina ɗiga wa Inna magani a ido, na lallaɓa na ce ko mu koma littafi na ɗaya, ya fi daɗi, akwai yara da wasa. Ta ce, "Mu bar takwarata tsakiyar hanya da gawar ƙanenta? Ba ke kika ce nan ne tushe ba?" Na ce ni ce. Ni ɗin ce kuwa.

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa cewa ana karanta tarihin takwarar Inna. Matan maƙwabta suka shigo da tabarminsu, wata da kabar saƙa, wata da jariri. Tsakar gida ta cika. Sama kuwa fes, ko ƙyallin gajimare babu, kuma kowace mace da ta shigo sai ta fara da jajen ruwa kafin ta zauna. Na duba fuskokinsu, na duba littafin. Aikina yana bakin matar nan mai baƙin tabarau, kuma ga ni zan karanta wa jama'a yadda mai sunanta ta kashe gari da fari.

Na gwada juya shafi biyu a haɗe. Inna ta ce, "Na ji biyu kika juya." (Wai mai ciwon ido! Kunnenta ya fi na kowa a gidan.) Na gwada ƙirƙiro wani labarin daga kaina, ƙwaƙwalwar ta bushe kamar gonakin waje. Na ce kamar magariba ta gabato. Gwaggo ta ce rana tana bisa bedi. Da na ga ba mafita, sai na yanke shawarar in bi ta wurin da gudu, yadda ake haɗiye magani mai ɗaci, kafin kowa ya gama fahimta na wuce.

Gudun nan shi ya kashe ni. Yini biyu ina jan mai sunan Inna, mai sunan Inna, harshena ya gaji, sai ya yanke wa kansa hanya ba tare da ya shawarce ni ba. Da murya sama, irin wadda nake yi wa 'yan aji, na ji ana cewa:

"Sai Inna ta hau dutse da tukunyarta. Inna ta kira hadarin da ya taso daga gabas, ta cusa shi ciki, ta toshe bakin da tsumma. Inna ta ce ko ɗigo ba zai sauka a garin nan ba sai kowa ya ɗanɗani abin da ta ɗanɗana. Gero ya ƙone, rijiyoyi suka ƙafe, Inna tana zaune tana dariya."

Ban ji kaina ba sai da na ji shirun. Mai saƙa ta tsaya da kaba a hannu. Sa'a ta cusa fuska cikin hijabi, kafaɗunta suna rawa. A garin da ake roƙon ruwa, a ce tsohuwa ta ɗaure ruwa ba maganar wasa ba ce, kuma ni na faɗa, a gidanta, gaban maƙwabtanta, har da kwaikwayon dariyar.

Gwaggo ta tafa hannu. "Innalillahi! Kun ji ko? Ni dai na faɗa. Ba ta faɗi sunan ba, ta yi wanda ya fi shi!"

Littafin ya suɓuce. Na zube ƙasa ina rantse-rantse. "Wallahi Inna ba ke nake nufi ba, ita nake nufi, ta cikin littafin, ita wannan..." Sai na ji farkon sunan ya taho har ya taɓa haƙorana. Na kai wa bakina duka da tafin hannu, duka na gaske, wanda aka ji ƙararsa har zaure. Leɓena ya fashe. Ga ni durƙushe, malama guda, hannu a baki, jini yana bin yatsuna, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Inna ba ta motsa ba. Ba a ganin idonta, ba a san me take tunani ba. Ni kuwa har na fara lissafa kayan da zan kwashe in an mayar da ni Batsari. Can ta ce, "Lanti."

"Na'am."

"Ke da za a kore wa ubanki ruwa, ƙanenki shi mutu bisa bayanki, mi za ki yi?"

Inna ba ta jira amsa ba.

"Ni da ni ce, tukunya biyu zan cika. Amarya, wanke bakinki ki ɗauki littafin. Ina son in ji inda na ɓoye ta."

Mata suka fashe da dariya, wata har da faɗuwa kan tabarma. Ni ban yi dariya ba. Na ƙarasa karatun da kumburarren leɓe, ina jin kowace kalma kamar tsakuwa a baki. Inna ba ta ƙara ce mini komai ba, a ranar nan da kuma washegari, kuma na ji Gwaggo a waya tana ba maigida labari, ta ƙara gishiri da yaji. Na riga na haƙura da aikin. Abin da nake roƙo kawai kada maganar ta kai kunnen mahaifiyata.

Ranar Juma'a maigida ya zo. Bayan sun gaisa, Inna ta sa aka kira ni, na durƙusa daga nesa. Ita ma ba ta faɗar sunansa, ɗan fari ne, sai ta ce:

"Yaron ga, matarka tana da taurin kai. Ba ta jin shawarar na ƙasa da ita. Kuma ta mai da ni mai ɗaure ruwa gaban matan unguwa." Maigida ya sunkuyar da kai. "Amma yini biyu sunan ga yana bakinta, ta gwammace ta fasa leɓenta da ta bari shi faɗo. Ta tafi ta koyar. Sai dai ta riƙa duba littafi kafin ta buɗe shi gaban ɗiyan mutane."

Gwaggo ta ce ita dai ba ta ce komai ba. Ni kuwa kuka na fashe da shi, na murna da na kunya a haɗe.

Ruwa bai sauka ba sai bayan na koma Safana, kuma ya tarar da wasu gonakin sun riga sun lalace. Sa'a ta kira ni tana haki ta ce ana fara yayyafi matan maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna cewa Inna ta buɗe tukunya. Har yau in ruwa ya yi jinkiri haka suke tsokanarta, ita kuma ta ce su je su tambayi surukarta, ita ta san inda aka ajiye.

Sauran littattafan ma ni na karanta mata su, duk ƙarshen mako in mun je gaisuwa. A farkon na ɗaya, tsohuwa mai fura tana fitowa da wata tukunya da ba ta bari a taɓa, Inna ta buga cinya ta ce, "Takwarata ce!" Asirin da marubuci ya ɓoye har littafi huɗu ya tone a zama ɗaya, Sa'a tana harara ta. Daga nan har ƙarshe Inna bayan muguwar take. Duk lokacin da yaran kirki suka yi nasara sai ta yi tsaki. Babin ƙarshe na littafi na huɗu kuwa, inda ake gamawa da tsohuwar, ta hana a karanta mata, kuma har yanzu ba ta yarda ba.

A zaurenmu na waya har gobe ana gardamar da wanne za a fara. Ni yanzu ba na ƙarar da kati. In wata sabuwa ta tambaye ni, sai in ce ta bi su yadda suka fito, wanda ya jera su ya fi ni sanin dalili. In kuwa ta ce wa wani za ta karanta, sai in ce ta fara bincika sunan uwar mijinta, sannan in ƙanwar miji ta ja mata mayafi ta ce zo ɗaki, ta tashi ta bi ta.